Kujerar Inna a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ciwon ƙoda ya kama mini mutum biyu, mahaifiyata da mijina, kuma ni kaɗai ce mai ɗawainiya da su. Inna, wato Enid Nangala, ita ta fara. Mijina Wilfred ya biyo bayanta, duk ciwon suga ne ya ja musu. Kowannensu sai da ya yi zaman garin Alice Springs a masaukin marasa lafiya, yana jiran kujerar wankin ƙoda ta samu a ƙauyenmu. Wanda bai yi wannan zaman ba, ba zai gane ba. Tafiyar yini guda ce cikin sahara daga nan. Kana zaune a ƙasar wasu, ana biki a gida ba ka, ana makoki ba ka, sai kallon talabijin da jiran ranar inji. Inna ta dawo daga can a rame, ko magana ba ta son yi. Sai da ta daɗe tana zama a ƙasa da 'yan'uwanta mata, suna dafa shayi a gwangwani suna karta, sannan muryarta ta dawo.

Ɗakin wankin ƙodar namu ɗan ƙarami ne a bayan asibitin ƙauye. Kujera biyu ce suna kallon juna, inji biyu, ƙofa ɗaya. Masu ciwon suna karɓa-karɓa, wasu da safe wasu da yamma, ana tsallake rana. Tun da Wilfred ya samu tasa kujerar ba a taɓa haɗa shi da Inna lokaci ɗaya ba, kuma ba wanda ya rubuta hakan a ko'ina. Me za a rubuta? Surukarsa ce. Ba ya kallon ta, ba ya kiran sunanta, ba ya zama inda take zaune. In ya hango ta a hanyar kanti, sai ya zaga ta bayan coci ko da rana tana dukan sa. Tun da ya aure ni kalma ɗaya ba ta taɓa haɗa su ba. Amma duk kangarun da ya harbo, wato dabbar dajinmu mai tsalle, wutsiyar tata ce, ni nake kai mata. Ita ma ba ta taɓa gasa guza ta manta da rabonsa ba.

Sai ƙungiyar da ke riƙe da asibitinmu ta haɗe da wasu, ta zama ƙatuwa, ofishinta ya koma birni can bakin teku. Dattawanmu da ke zama a rumfa su yanke yadda za a yi, aka ce yanzu sun zama masu ba da shawara, wato a ba su shayi da biskit a ɗauke su hoto. Nas-nas suka zama na haya, kowacce ta yi 'yan makonni, kafin ta gane wane ne ɗan wane an sauya ta. Aka kawo sababbin injuna, aka ba kowane majinyaci kati. Aka cire allon bangon da ake rubuta ranaku da alƙalami, aka ce daga yanzu manhaja ce za ta tsara komai, ba son kai, ba mantuwa.

Ina shanya wanki saƙo ya shigo wayata. Wai albishir, an haɗa wa mutanena biyu lokaci ɗaya don a sauƙaƙa mini. Na yi dariya har na zauna a kan bokiti. Na sa takalmi na nufi asibiti in gaya musu abinsu ya yi shirme.

Nas ɗin da ke nan a lokacin Sista Marivic ce, 'yar ƙasar Filifin, 'yar guntuwa mai saurin hannu. Na same ta tana goge kujera.

Na ce, "Sista, kwamfutarku ta sha wani abu? Ta haɗa Wilfred da Inna Litinin da safe."

Ta ce, "Ai alheri ta yi miki, Anti Lorna. Lambar wayarki ce a kan su biyun. Ta ga ke ce mai kula da su, shi ne ta rage miki zirga-zirga."

"Wa ya gaya mata na gaji?"

Na yi mata bayani, ta kuwa gane da wuri, Allah ya saka mata. Ta ce ai abu ne mai sauƙi, ta sa yatsa ta ja sunan Wilfred zuwa yamma. Sunan ya koma inda yake. Ta sake ja, ya sake komawa. Ashe jadawalin a kulle yake daga birni har ƙarshen zango, injin kuma ba ya tashi sai an sa katin wanda lokacinsa ne, daga can ake turo masa adadin ruwan da zai cire wa mutum. Na ce to a goge lambata daga kan ɗayansu. Ta ce wanda ba shi da mai kula da shi ba a bar masa kujera a ƙauye. Na ce a sa ƙanin Wilfred. Ta sa, aka amsa mana cewa buƙatarmu tana kan layi, za a duba.

Ran Litinin kowannensu ya zo, don ba wanda ke wasa da ranar inji. Inna ta zauna a gindin bishiya ta gabas, ta ba ginin baya. Wilfred ya tsaya ta yamma wajen tankin ruwa, ya sauke hula har kan hanci. Ni kuwa na zama 'yar aike, ina zaga gini kamar wadda ta yar da kuɗin cefane.

Wilfred ya ce, "Je ki ce wa masu can su shiga. Ni lafiyata ƙalau, zan jira."

Inna ta ce, "Koma ki ce wa mai gidanki ya shiga. Ni tsohuwa ce, ruwa nawa nake sha?"

Sista Marivic ta ɗauko zanin gado ta ɗaure shi a tsakanin kujerun, ta fito tana murna ta ce an samu mafita. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, zanin gado yana tare tari? In kwanta rabin yini hannuna a buɗe, jinina yana yawo a roba, in amai ya zo mini in yi shi a kunnen mutumin nan? Ku a garinku haka ake yi?"

Ran nan Wilfred ya juya ya tafi gida don ta shiga. Da ranar ta sake zagayowa, Inna ta ƙi fitowa daga gidanta don shi ya shiga. Haka suka raba abin a tsakaninsu ba tare da sun yi magana ba, yau ita, jibi shi, kowa yana samun rabin wankin da jikinsa ke buƙata. Ba a jima ba ƙafafun Wilfred suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Inna kuwa in ta taka daga ɗaki zuwa murhu sai ta tsaya ta nemi numfashi. Wata Asabar Sista Marivic ta buɗe injin da lambar gaggawa ta yi wa Wilfred wanki a ɓoye. Kafin ta cire masa allura an kira ta daga birni ana tambayar wace gaggawa ce, aka kuma gaya mata in ta ƙara za a sanar da kamfanin da ya turo ta.

Sai saƙonni suka fara zuwa, masu ladabi kamar katin gayyata. Wai an lura mutanena suna fashin zuwa, kuma duk wanda fashinsa ya yi yawa za a ba wani kujerarsa, shi ya koma Alice Springs. Akwai mutane a can suna jira su dawo gida, har da ɗan'uwana Ormond, ba zan ce ba su cancanta ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum biyu suna ba juna numfashinsu saboda girmamawa, abin nan ya rubuta su a masu sakaci.

Na matsa wa Sista sai da ta samo mana wani babba ta kiran bidiyo. Sunansa Mista Hayden, wai shi ne mai kula da gamsuwar majinyata. Ya bayyana a allo da farar riga, a bayansa an rataye zanen ɗige-ɗige irin na matan ƙasarmu. Kafin ya ce mini sannu sai ya sunkuya ya karanto gaisuwar nan tasu ta buɗe taro, cewa yana girmama masu ƙasa na asali, wato mu, da dattawansu na da da na yanzu. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Madalla. To ga dattawan yanzu guda biyu suna kumbura, a raba musu rana."

Ya ce ya ji, kuma abin ya taɓa shi sosai. Ya ce manhajar tana mutunta al'ada, akwai gurbin harshe, akwai gurbin abinci, akwai na wanda yake son nas mace ko namiji. Sabis ya ɗauke, fuskarsa ta tsaya baki a buɗe, muka zauna muna kallon haƙoransa. Da ya dawo ya ce amma gurbin raba majinyata biyu guda ɗaya ne tak.

"Wanne?"

"Na haɗari, Anti. Wato idan ɗayansu yana cutar da ɗayan. Ana dannawa, nan take jadawali zai buɗe ya raba su. Yau ɗin nan ma zai yiwu."

Na ce, "Ban gane ba. Wa ke cutar da wa?"

"Ba wanda ke cutar da kowa. Hanya ce kawai. Sai a sa Kawu Wilfred a matsayin wanda ake gudu, Anti Enid ta tabbatar da bakinta, shi ke nan. Ai kowa ya san ba gaskiya ba ne."

"Wane kowa? Kai da wa?"

Sista Marivic ce ta matso kusa da kunnena ta ce abin yana shiga fayil, kuma duk asibitin da Wilfred ya je zai bi shi, ofishin jin daɗin jama'a ma suna gani. Wilfred shi ke koya wa yaran makaranta ƙwallo, shi ke tuƙa su zuwa wasa a wasu ƙauyuka, kuma duk shekara sai an binciki sunansa kafin a sabunta masa izinin aiki da yara. A ƙasar nan, a rubuta wa baƙin namiji cewa tsohuwa tana tsoron sa, wa zai tsaya ya tambayi dalili?

Na ce, "Mista Hayden, mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya dubi uwata ba, shi kake so in rubuta yana dukan ta?"

"Ban ce duka ba, Anti."

"To me za su karanta, tausa?"

Ya ce ya fahimci fushina, kuma zai shigar da maganar surukai cikin abubuwan da za a ƙara in an sabunta manhajar. Na tambaye shi yaushe. Ya ce yana fatan baɗi. Na ce ya rubuta a gefe cewa ƙoda ba ta san baɗi ba, na tashi na fita kafin in faɗi abin da zai sa a rubuta ni ma a gurbin haɗari.

Na sami Wilfred a baranda ya ɗora ƙafafunsa a kan kwali, karnuka sun kewaye shi. Na zayyana masa komai, ina yi ina zagin allo da mai allo. Na ɗauka zai tashi da faɗa.

Ya ce, "Ku danna."

"Kai tsoho, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Sun rubuta mana abin da ya fi wannan, ba mu mutu ba. Yaran su sami wani ya tuƙa su. Masu can dai kar su koma Alice, kin manta yadda suka dawo?"

"Sunanka fa?"

"Sunana zai sha mini ruwan ƙafa? Ke dai ki je."

Na zage shi, na ce ba shi da zuciya, na yi kuka, ya bar ni na gama. Da na dubi ƙafafun nan kuma, sai na ga ba ni da wata dabara. Na wanke fuska na nufi gidan Inna, tunda abin ba ya yiwuwa sai ta faɗa da bakinta.

Tana zaune a kan bargo da ƙannenta mata, ana gasa gurasa a toka. Na ja ta gefe na yi ta kwana-kwana, ina cewa magana ce ta cikin kwamfuta, ba mai gani, shi ma ya yarda. Ta bar ni na yi ta zuba har na rasa abin faɗa.

Ta ce, "Ki faɗa mini sak. Me zan ce?"

"Za ki ce ba ki da kwanciyar hankali in yana kusa."

"Wato ina tsoron sa."

"Inna, baki ne kawai."

"Bakin wa? Nawa?" Ta buga ƙirji. "Mutumin da ya binne mini mahaifinki? Wanda in ya ji muryata a kanti yake tsayawa a rana har in gama sayayya? In buɗe baki a gaban Bature in ce yana cutar da ni, a ajiye, jikokina su girma su karanta? Ke Napaljarri, ni na haife ki kuwa?"

In ta kira ni da sunan dangi haka, magana ta ƙare. Na ce to ita ta kawo dabara, tunda ni tawa ta ƙare, in ba haka ba su biyun za su rasa kujerun. Ta ce in tashi in ba ta wuri, hayaƙi yana damun ta.

Washegari na je asibiti da niyyar in sake neman Mista Hayden, in roƙe shi in ma durƙuso yake so. Na tarar da Sista Marivic idanunta sun yi ja. Ta ce Anti Enid ta riga ni zuwa, ƙanwarta ta rako ta. Ta ce a mai da ita Alice Springs, ta bar kujerar.

Na ce, "Kika yarda?"

"Na roƙe ta, Anti, wallahi na roƙe ta. Ta ce haƙƙinta ne ko ba haƙƙinta ba ne? Na ce haƙƙinta ne. Ta ce to in danna."

"Sai ki ce an kulle, ana dubawa, sai baɗi!"

"Wannan ba a kulle yake ba." Ta juyo mini da allon. "Dannawa ɗaya ce."

Dannawa ɗaya! Abin da na yi ta bi ina roƙo ya gagara, amma a kori tsohuwa daga ƙasarta, wannan an tanadar masa hanya mai santsi. A gefen sunanta an rubuta cewa zaɓin majinyaciya ne. Kujerar kuwa har an ba Ormond, an tura masa saƙon taya murna. Da Wilfred ya ji, ya ja ƙafa ya zo ya ce a ɗauki tasa a mai da mata. Aka ce in ya bari, na gaba a layi za a ba, ba ita ba.

Na koma wajen Inna a fusace. Na same ta tana cusa barguna a jaka.

Na ce, "Ba ke kika ce gara ki mutu da ki koma can ba?"

Ta ce, "Na faɗa. Ban kuma canza ba. Miƙo mini kofin nan."

"Inna, don Allah."

"Ke, kar ki yi mini kuka a kan kaya. Ni na ga ƙasata, na san kowane rami da ke cikinta. Shi yana da yara a gaba. Miƙo kofin na ce."

Bas ɗin da ya kawo Ormond shi ya juya da ita. Rabin ƙauye ya taru a bakin kanti, ƙannenta suna kuka suna riƙe mata hannu ta taga. Wilfred ba ya cikinsu, ba shi da damar zuwa, kuma safiyar ranar injinsa ce. Na gyara mata matashi a bayanta, na sa mata maganinta a aljihun riga. Na ce zan biyo ta in na sami wanda zai riƙe mini gida, mu duka mun san ba ranar. Direba ya tayar da mota, ta kama mini wuyan hannu.

"Ki gaya wa mai gidanki, kar ya yi fashi ko sau ɗaya. In ya yi, na yi tafiyar banza."

Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na taka zuwa bayan asibiti. Ormond yana kan kujerar Inna, sabuwar hula a kansa, yana ba Sista labarin yadda ya yi ta waƙa a hanya tun daga Alice. Ya gan ni ya ce, "'Yar'uwa, na dawo gida!" Na ce barka da zuwa, kuma har zuciyata na faɗa, shi ba ruwansa. Wilfred yana ɗaya kujerar, robobi a hannunsa, yana kallon rufi.

Ya ce, "Sun tafi?"

Na ce, "Sun tafi."

Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ja hula ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suka fara rawa, injin ya soma ƙara. Sista Marivic ta zo da gudu ta danne masa hannu da hannayenta biyu don kar allurar ta fita.